Yaron da ba ya waiwayowa in an kira sunanshi: abin da ya kamata a sani kan otizim tun kafin yaye

Daga Matankari har Geceme, babu wanda bai taɓa jin wannan magana a bakin tsohuwa ba: "Ku ƙyale shi, nauyin baki ne, ubanai ma sai da ya shekara ukku kana ya yi magana." Sau da yawa tsohuwa gaskiya gare ta. Yara da dama suna jinkirin magana, ranar da bakin ya buɗe kuma sai an roƙe su su yi shiru. To amma akwai yaron da lamarinshi ya wuce nauyin baki. A kira sunanshi sau biyar bai juyo ba, alhali in babur ya wuce bayan gida sai ya zabura. Ba ya kallon uwarshi a ido in tana ba shi nono. Sauran ɗiya suna wasa a ƙofar gida, shi yana gefe guda yana jera duwatsu ko yana juya murfin kwano, awa guda bai gaji ba, in an taɓa mishi jerin kuwa gidan ya ɗauki kuka. Irin wannan yaro ne muke magana a kanshi yau, domin akwai tambayoyin da masu saurare ke yawan yi a kai, na gida da na waje.

Ma'aikatan lafiya suna ce wa wannan lalura otizim. Waɗanda ke kama tashoshin Najeriya sun saba jin ana cewa galahanga, sai dai kalmar tana rikita mutane, saboda ana faɗinta har ga yaron da wuyanshi bai tsaya ba ko jikinshi ya saki, wannan kuwa wata matsala ce daban. Mai otizim galibi jikinshi lafiya lau, ya zauna da wuri, ya yi rarrafe, ya yi tafiya, wani ma ya fi tsaranshi hawan katanga. Inda bambancin yake shi ne yadda ƙwaƙwalwarshi ke girma ta fannin hulɗa da mutane, da magana, da yadda yake jin ƙara ko taɓi ko ɗanɗano. Ba ciwo ba ne da ake ɗauka wajen wani, kuma ba hauka ba ne. Wani lokotoro a Amurka mai suna Leo Kanner shi ya fara bayyana shi dalla-dalla a 1943, bayan ya lura da yara 11 masu kama da juna a halayya. Daga baya anka gane abin hawa-hawa ne: akwai wanda zai yi lakol har jami'a, mutane su riƙa cewa dai ba ya son jama'a, akwai kuma wanda har ya girma ba zai yi magana ba, sai an kula da shi kullum.

Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 ke da otizim. A Amurka, inda ake bin takardun likita da na lakol, alƙaluman da anka fitar a 2025 sun ce 1 cikin 31 ga yara ƴan shekara 8. Maza sun ninka mata wajen sau uku zuwa huɗu. Mu kawo lissafin gida. Ƙidayar 2012 ta samu mutum sama da 600,000 a gundumomin Dogondutsi da Tibiri in an haɗa, kusan rabi kuma yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Ko da ƙiyasin OMS kaɗai munka ɗauka, maganar yara dubbai ake yi, ba ɗaya ko biyu ba. Garin da ke da yara 300, sai a sa ran ukku. Kowa ya yi shiru ya tuna garinsu, zai ga fuskokin.

Abin da ake dubawa, da wa ya kamata a tambaya

Abin da ya sa ake matsa wa maganar ganowa da wuri shi ne alamomin suna fitowa tun kafin lokacin da mutane ke fara damuwa. Mu nan sai yaro ya kai ukku ko huɗu bai yi magana ba kana hankali ya tashi. Ƙwararru kuwa suna iya tabbatar da otizim tun yaro yana da shekara 2, kuma likitocin yara na Amurka sun tsayar da cewa a duba kowane yaro sau biyu, a wata 18 da wata 24, ko iyaye sun yi kuka ko ba su yi ba.

Ba magana ce babbar alama ba. Babbar alama ita ce nuni. Yaro ɗan wata 14 ko 15 in ya ga akuya ta shigo gida, ko jirgi ya wuce sama, zai miƙa yatsa, ya juyo ya kalli fuskar uwarshi, kamar yana cewa "kin gani?" Ba akuyar yake so a ba shi ba, so yake ku gani tare. Haka in ya tsinci wani abu a ƙasa sai ya kawo miki ya nuna. In kuma ke kinka nuna wani abu can nesa, idonshi zai bi hannunki. Yaro mai nauyin baki kawai yana yin duk waɗannan, bakin ne bai buɗe ba amma hannu da ido suna zance. Yaro mai otizim sau da yawa ba ya yi. In yana son ruwa sai ya kama hannun babba ya ja shi har bakin randa ya aza hannun bisa murfi, ba tare da ya kalli fuskar mai hannun ba. In an kai wata 18 babu wannan nuni, abin dubawa ne.

Sai amsa suna, wanda ya kamata ya zauna kafin yaro ya cika shekara. Sai kwaikwayo: tafi, ɗaga hannu a yi bankwana, ɗiya mace ta goya totuwar masara ko ta ɗauki ice tana daka a gwangwani, namiji ya kara takalmi a kunne wai yana waya. Ta fannin baki, ma'aunin da ake amfani da shi shi ne gwalan-gwalan a shekara guda, kalma ɗaya-ɗaya a wata 16, haɗa kalma biyu kamar "ba ni" ko "inna zo" a shekara 2. Akwai kuma abubuwan da iyaye ke gani su yi dariya: tafiya bisa yatsun ƙafa, kaɗa hannuwa kamar tsuntsu, juyi wuri guda, toshe kunne da ihu in an tada injin niƙa, ƙin kowane abinci in ba fura ko shinkafa fara ba. Guda ɗaya cikin waɗannan ba komi ba ne. Taruwarsu, tare da rashin nuni da rashin amsa suna, shi ne abin lura.

A nan akwai wani abu namu da takardun Turawa ba su san da shi ba, kuma ma'aikacin lafiya da bai kula ba zai yi kuskure. Uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi gaban mutane, wata ko kallonshi ba ta yi in surukai suna wurin. In majo ya tambaye ta cikin taron awo, "In kin kira sunanshi yana juyowa?" sai ta sunkuyar da kai ta yi murmushi, shi kuma ya rubuta abin da ya ga dama. Wanda ya san amsar ita ce kaka, ko kishiyar uwa, ko yarinyar nan ƴar shekara 9 da ke yini da shi a bayanta. In za a kai ɗan fari a duba shi, a tafi da mai renonshi. Kuma kada a rikita kunya da otizim. Yaron da anka hora kada ya zura wa babba ido, wannan tarbiyya ce ta ɗan shekara biyar ko shida. Jinjiri ɗan wata 10 bai san kunya ba, in ba ya kallon fuskar mai ba shi nono, ba ladabi ba ne.

Wani abin da ke ɓatar da mutane shi ne komawa baya. Kusan kashi ɗaya cikin uku ko huɗu na masu otizim sukan fara da kyau, har su riƙa cewa "baba", "inna", sai tsakanin wata 18 da 24 kalmomin su ɓace, yaro ya daina kula mutane. Wannan lokaci kuwa shi ne daidai lokacin yaye a wurinmu. Sai a ce fushin yaye ne, don an kai shi wajen kaka. Ko a ce uwar ta yi rurrutsa, ya sha nonon ciki. Ko a ce baki ne, ko an gamu da iska a bakin rijiya da magariba. Fushin yaye kwanaki ne ko ƴan makonni. Yaron da ya yi wata biyu, ukku, bai dawo da kalmomin da ya iya ba, a kai shi likita, kowace irin fassara anka yi ma abin a gida.

Akwai takardar tambayoyi da ake amfani da ita ƙasashe da yawa, sunanta M-CHAT-R, wadda Diana Robins da abokan aikinta sunka tsara don yara daga wata 16 zuwa 30. Tambaya 20 ce, amsa i ko a'a, ba ta cin minti goma, kyauta ake samunta a intanet kuma akwai ta da Faransanci. Maki 0 zuwa 2 babu damuwa, 3 zuwa 7 a ƙara zama da iyaye a bi tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, 8 zuwa sama a tura yaro wajen ƙwararre kai tsaye. Amma a fahimta, rariya ce kawai. A binciken da anka yi a Amurka, cikin yaran da takardar ta tsayar har bayan zama na biyu, kusan rabi ne anka samu da otizim, sauran kuma mafi yawansu suna da wani jinkirin girma na daban da shi ma ke son kulawa. Kuma wasu misalanta na gidajen birnin Turai ne, sai mai tambaya ya mayar da su injin niƙa da turmi da katangar gida kana tsohuwa ta gane abin da ake nufi.

A ganinmu babu abin da zai hana wannan aiki shiga cikin abin da ake yi yanzu. Shekarun baya wa ya zaci uwa a ƙauye za ta ɗauki tsinken awon damtse, ta duba ja ko rawaya ko kore, ta san ɗanta ya shiga tamowa tun kafin ƙafa ta kumbura? Yau ana yi. Masu ba da maganin rigakafin zazzaɓin damina suna shiga gida-gida wata-wata, suna ganin kowane yaro daga wata 3 zuwa shekara 5. Matsalar ita ce yawancin uwaye suna daina zuwa awo da zarar an yi allurar wata 9, karne ya shiga ƙasan akwati. Allura ta biyu ta dussa, wadda ake yi cikin shekara ta biyu, ta faɗo daidai lokacin da alamomin otizim ke bayyana. Tambaya ukku a ranar, yana nuni, yana amsa suna, ya rasa wata kalma da ya iya, za ta kama yara da yawa.

Tunda mun ambaci allura, a kashe wata jita-jita da ke yawo a WhatsApp. Maganar cewa rigakafin dussa ke kawo otizim ta samo asali daga wani rubutu da wani lokotoron Ingila, Andrew Wakefield, ya fitar a 1998 a kan yara 12. An gano akwai maguɗi a ciki, mujallar ta janye rubutun a 2010, shi kuma anka hana shi aikin likita a Ingila. A Danmak an bi yara sama da 650,000, sakamakon da ya fito a 2019 ya nuna babu bambanci tsakanin wanda anka yi ma allura da wanda ba a yi ma ba. Lokaci ne kawai ya zo ɗaya. Dussa kuwa kowa ya san abin da take yi in ta shiga gari.

To mi ke kawo shi? Mafi yawa gado ne, cikin halittar da yaro ya ɗauko daga uwa da uba duka biyu, ko da babu wanda abin ya bayyana gare shi a dangi. Shi ya sa in gida yana da yaro ɗaya mai otizim, ƙanen da ya biyo baya yana da kusan kashi 1 cikin 5 na samun shi, sai a sa mishi ido tun da wuri. Haihuwar bakwaini, wahalar naƙuda da ta hana jinjiri numfashi, tsufan iyaye, da shan maganin farfaɗiya Dépakine lokacin ciki suna ƙara haɗari, ko da yake mai shan wannan magani kada ta bari da kanta sai ta ga likita. Ba laifin uwa ba ne. Turawa ma sun yi shekaru suna cewa sanyin zuciyar uwa ke jawo shi, har bincike ya ƙaryata su, bayan an ƙona ran mata da yawa a banza. Muna faɗin haka ne don mun san a gidajenmu wa ake fara nuna ma yatsa, kuma akwai auren da ya mutu a kan wannan.

Kafin a ce otizim, a duba kunne. Muna cikin yankin sanƙarau, annobar 2015 ta taɓa jahar Doso sosai, kuma sanƙarau yana barin kurumta. Ciwon kunne mai ruwa da anka yi sakaci da shi, zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, tamowa mai tsanani, duk suna iya sa yaro ya yi shiru. Bambancin da uwa za ta iya gani shi ne kurma yana neman fuskar mutane da ido, yana nuni, yana zance da hannu fiye da kowa. Farfaɗiya kuma tana yawan haɗuwa da otizim, ita kuwa tana da magani a likita.

Hanyar ita ce wadda anka sani: kaz ko CSI, daga nan takardar turawa zuwa asibitin gunduma, sannan Doso, inda akwai babban asibitin jaha da cibiyar uwa da yaro. Tabbatarwa ta ƙarshe sau da yawa sai an dangana da Yamai, wajen likitocin yara da na ƙwaƙwalwa, tafiyar kusan kilomita 280 daga Dutsi. Wasu iyalai da ke da dangi a hayi sukan nufi Sakkwato, asibitin koyarwa na jami'ar Usmanu Danfodiyo ko na Kware. Tun 2006 doka ta ce duba yaro ɗan ƙasa da shekara 5 kyauta ne a likitocin gwamnatin Nijar, wannan ma dalili ne na kada a jira ya wuce biyar. Kowa dai ya san kyautar ba ta haɗa da kuɗin mota da masauki ba, wani lokaci ma maganin sai an saya a waje.

Mun san kafin a je likita an riga an je wani wuri. Nan Arewa ce, ƙasar Lugu da Bagaji, ba mai ɓoye cewa in yaro ya rikice ana zuwa wajen malam a karɓo rubutu, ko wajen ƴan bori a ji ko wa ya taɓa shi. Ba mu zo raba kowa da imaninshi ba, addu'a kuma ba ta hana awo. Abin da ba za mu yi shiru a kai ba shi ne duka wai don a fitar da iska, da turare cikin ɗaki rufe har yaro ya shiɗe, da ɗaure shi da igiya a turke, da kiran shi ɗan ruwa a gabanshi. Ko bai amsa ba yana ji. Haka kuma duk wanda ya ce yana da maganin da ke warkar da otizim, na gargajiya ne ko na kwalba daga waje, kuɗinku yake so. Har yau babu ƙwayar da ke cire shi. Magungunan da likita ke bayarwa na farfaɗiya ne, ko rashin barci, ko fushin da ya kai yaro yana ji wa kanshi ciwo.

Wani zai ce, in babu magani, mi ne amfanin sani? Amfanin shi ne abin da ya fi taimakon waɗannan yara ba a asibiti yake ba, a tsakar gida yake, kuma ya fi kamawa tun ƙwaƙwalwa tana ɗanya. A Ingila an yi gwaji da yara 152 ƴan shekara 2 zuwa 4, inda anka koya ma iyaye yadda za su yi wasa da zance da ɗiyansu. Da anka koma bayan shekara shida, a 2016, an tarar alamomin sun fi sauƙi ga yaran da iyayensu sunka samu horon. An ɗauki wannan dabara an kai Goa ta Indiya da Rawalpindi ta Pakistan, inda ma'aikatan da ba ƙwararru ba sunka koyar da ita, ta kuma yi aiki. OMS tana da nata tsarin horon iyaye, zama 9 a ƙungiya da ziyara 3 a gida, an gwada shi a Habasha da Kenya, a yankunan da ƙauyukansu ba su fi namu komi ba.

Abin da ake koyarwa ba shi da wuyar faɗi, haƙurin yi ne da wuya. Ki zauna ƙasa daidai fuskarshi. In duwatsu yake jerawa, kada ki watsa, ki ɗauki naki dutse ki shiga jerin, sannan ki dakata ki ga ko zai kalle ki. In yana son fura kada a miƙa tun bai nema ba: a riƙe ludayi kusa da fuska, a ce "fura", a jira ɗan lokaci, ko kallo ya yi ko ƙaramin sauti, a ba shi nan take. Kalma ɗaya ko biyu, ba dogon zance ba. Wanka, ci, kwanciya su zama lokaci guda kullum, domin sauyi ba zato shi ke tada mishi hankali. A sanar da maƙwabta halin da yake ciki, saboda yawancin irin waɗannan yara suna sulalewa su fita kuma ruwa yana jan su. Rijiyoyin fadama marasa murfi, tafkunan damina irin Tapkin Saw, da manyan motocin da ke bin gudron, su ne haɗarin farko kafin komi.

Ku kuma ƴan uwa da ke Kwatano, Lome, Abijan, Legas, Libiya ko Turai, da yawa a cikinku ta bidiyon salula kuke ganin ɗiyanku. In an ce muku yaro "shiru-shiru gare shi", ku sa a ɗauko muku shi yana cikin wasa, wani ya kira sunanshi daga baya ba tare da ya taɓa shi ba, wani ya nuna mishi abu nesa a ga ko ya bi hannun. Bidiyon minti biyu irin wannan yana da amfani har gaban lokotoro, don yaro in ya shiga ɗakin likita ba ya nuna halinshi na gida. Mun ga ana aiko ma irin wannan yaro salula ko tablet don ya zauna lafiya. Zai zauna kam, amma awannin da ya yi yana kallon gilashi awanni ne da bai kalli fuskar mutum ba, ita ce kuwa ya fi buƙata. In akwai jika goma ko ashirin da za a aiko, kuɗin mota zuwa Doso na mutum biyu, uwa da mai reno, ya fi. Kuma ku kira mahaifiyarku ku yi mata bayani da bakinku, domin a gidaje da yawa in ba ita ta ce a tafi ba, matarku ba ta da ikon fita da yaron ko zuwa CSI.